Babi na Shida: Sukurun da Kansa Ya Cinye

Janaretana ya ƙi tashi wata ranar Alhamis a tsakiyar bazara, irin ranakun da Kano ke komawa tanda, ga shi an kwana uku ba a kawo wuta ba. Ƙaramin nan ne da ake zuba wa fetur gauraye da baƙin mai, wanda kusan kowane shagon aski yake da irinsa. Na ɗora shi a babur na kai wa mai gyaran bakin titinmu. Ya ja igiya sau biyu, ya ciro fulogi ya duba, ya ce kafireta ce ta toshe, aikin minti goma. Ya miƙa wa yaronsa.

Sukuru na farko ya fita lafiya, na biyu ma haka. Na uku ya kafe. Yaron ya cije leɓe ya ƙara ƙarfi, sai na ji ɗan wani sauti, ƙirit, daga nan sukudireban ya shiga juyawa shi kaɗai kamar ludayi a cikin koko.

"Oga, kan ya cinye."

"Ban hana ka ɗaukar wannan sitar ba? Miƙo min kurfi da guduma."

A bugu na huɗu kunnen kafiretar ya ɓalle, domin jikinta alminiyam ne, ba ya jure duka. Sukurun da ko sayar da shi ɗaya-ɗaya ba a yi, shi ya sa ni sayen sabuwar kafireta da kwana na huɗu cikin zufa. Ban ga laifin maigidan sosai ba. Abin da ke cikin akwatinsa ke nan: filaya mai lallausan haƙori, kurfi, guduma, sai mai walda da ke tsallaken titi idan abin ya gagara. Tun ranar nake bibiyar kayan aikin da aka ƙera musamman domin wannan minti guda, mintin da kan sukuru ya mutu kowa ya yi cirko-cirko.

Kafin a zo kan magani, ya kamata a san dalilin ciwon, domin yawancin kawunan da ke cinyewa ba tsatsa ke kashe su ba, hannu ne. Sukurun da muke kira sita, mai rami kamar alamar tarawa, a Amurka aka haife shi. Wani mai suna John Thompson ne ya ƙirƙiro shi, Henry Phillips na birnin Portland ya karɓi fasahar ya gyara ta, kamfanin General Motors kuma ya yi amfani da shi a motar Cadillac ta 1936. Abin da ya sa masana'antu suka rungume shi shi ne bakin sukudireba yana faɗawa tsakiyar ramin da kansa, ma'aikaci ba ya ɓata lokaci wajen saiti, saɓanin filat mai tsaga ɗaya da ke yawan zamewa gefe. Sai dai ramin a tsuke yake ta ƙasa, a buɗe ta sama, kamar mazurari. Kana murɗawa, wani kaso na ƙarfinka yana tura bakin sukudireban sama. Da ya ɗago kaɗan, sai ya koma gugar gefen ramin maimakon juya shi, kuma kowace zamewa tana aske ƙarfe. Zamewa uku ko huɗu sun isa su mayar da ramin rijiya. Shi ya sa masu koyar da aikin hannu a Japan suke nanata wa ɗalibai cewa kashi bakwai na ƙarfi dannawa ne, kashi uku ne kawai juyawa.

Akwai kuma wani tarko da bakanikanmu da yawa suke faɗawa ciki ba su sani ba. Ba duk sita ba ce sita. Tsofaffin baburan Honda da Yamaha da Suzuki, da rediyoyi da kyamarorin Japan, da yawansu an ɗaure su ne da sukuru mai bin ma'aunin Japan da ake kira JIS. A ido iri ɗaya ne da na Phillips, amma kusurwoyin cikin ramin sun bambanta, har bakin Phillips ba ya zama daram a ciki. Sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo an buga a gefen ramin, to wannan ce shaidarsa. Haka kuma akwai Pozidriv, wanda ya cika kayan katakon Turai, mai ƙananan zane huɗu a tsakanin manyan. Ga lambobi kuma: 0 da 1 da 2 da 3. Yaron can ya sa lamba 1 da bakinta ya riga ya suɗe a ramin lamba 2. Mutanen Kanada sun guje wa rabin wannan wahala tun 1908 da sukurun Robertson mai rami murabba'i, a 1967 kuma aka fito da Torx mai tsini shida, amma duniya ta riga ta cika da sita, kuma da ita za mu ci gaba da fama.

To kan ya cinye, me ya hana filaya? Duk wanda ya taɓa gwadawa ya san yadda take kaya: ka matse, ka murɗa, ta suɓuce ta cije maka tafin hannu. Buɗe bakin filayarka ka duba. Haƙoranta a kwance suke, daga gefe zuwa gefe. An yi su haka ne domin idan ka kama waya ko ƙusa ka ja, kada ta zare. Amma idan ka tunkari kan sukuru ta gaba ka juya, kan yana bin cikin tsagin ne kamar taya a kan kwalta, babu abin da ke tare shi. Matsala ta biyu ita ce idan baki ya buɗe, leɓunan ba sa zama daidai da juna, suna yin siffar baki mai faɗi a waje, matsattse a ciki. Kana ƙara matsewa, kana ƙara tofar da abin da ka kama. Maƙeranmu sun san wannan tun da can, shi ya sa ba awartaki ɗaya suke ajiyewa ba, kowane da irin lanƙwasar bakinsa gwargwadon ƙarfen da zai riƙe.

Wani ƙaramin kamfani a birnin Osaka ne ya mayar da wannan lura sana'a. An kafa shi a 1948, yana ƙera ƙananan kayan aikin masu gyaran rediyo da lantarki, yau sunansa Engineer. A 2002 ya fito da filayar da aka yanka wa tsagi a tsaye a ƙarshen bakinta, wato haƙoran suna bin tsawon filayar, yadda za su gitta wa juyawar sukuru su nutse a gefen kansa. Suka sa mata suna Neji-Saurus. "Neji" sukuru ke nan da Japananci, ragowar kuma daga sunan dabbobin nan ne na zamanin da can masu manyan haƙora. Matsalar tofarwa kuma suka magance ta da karkata tsagin, yadda idan bakin ya buɗe daidai faɗin kan sukuru, haƙoran sama da na ƙasa za su daidaita da juna. Wannan karkata suka raɗa mata "kusurwar Komanechi", daga sunan Nadia Comaneci, 'yar wasan motsa jiki ta Romaniya da ta ci maki goma cif a gasar Olamfik ta Montreal a 1976. Dalilin sunan abin dariya ne: ɗan barkwancin Japan Beat Takeshi ya yi suna da wata alama da yake yi da hannuwa biyu a karkace yana ambaton sunanta, karkatar haƙoran kuma ta yi kama da ita.

Ɓangaren labarin da ya fi burge ni ya faru ne bayan rugujewar kasuwanni ta 2008, lokacin da ciniki ya tsaya wa kamfanin. Shugabansa, Mitsuhiro Takasaki, ya sa aka zauna aka karanta katunan da masu saye ke cikewa su aiko. Mafi yawa mariƙi suke so a gyara. Wasu suna so a sirantar da baki, wasu a sa sifirin da zai riƙa buɗe ta, wasu a ƙara wurin yanke waya. Can ƙasan jerin, mutane ƙalilan ne suka roƙi a sa ta iya kama sukuru mai kai shimfiɗaɗɗe kamar faifai, irin wanda ke bayan firji da kwamfuta da injin wanki, wanda gefensa siriri ne ƙwarai. Aka haɗa duka biyar a samfurin GT, mai lamba PZ-58, da ya fito a 2009. Buƙatar da ta zo ta ƙarshe a ƙuri'a ita ce ta buɗe kasuwa, domin irin wannan sukuru ne ya cika gidajen mutane. Daga baya an sayar da miliyoyin filayun, kuma a Amurka ana samun su da sunan Vampliers.

Ita PZ-58 ɗin ce a hannuna shekaru da dama yanzu. Tsawonta milimita 160, tana kama kai mai faɗin milimita 3 zuwa 9.5, wanda ya ƙunshi kusan duk abin da ke jikin fanka, janareta, kwamfuta da murfin injin babur. Ranar farko na ɗauko katako na ɗaura sukuru biyar, na lalata kawunansu da gangan. Ta cire duka biyar ba tare da ta zame ko sau ɗaya ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙarancin ƙarfin da ake buƙata. Ba sai ka matse har jijiyar wuya ta fito ba. Kana jin lokacin da haƙoran suka shiga, sai ka juya a hankali, rubu'in zagaye, ka saki, ka sake kamawa. Sukurun lambar mota da ya sha damina biyar, sukurun marfin fankar silin da fenti ya toshe raminsa, har wanda kansa ya ɓalle ya bar ɗan guntu a waje, duk ta fitar min da su. Haka kuma sukurun da masu ƙera kaya ke sa wa baƙon rami domin kada a buɗe, ita ba ruwanta da siffar ramin, gefe take kamawa.

Amma fa iyakarta a fili take, kuma duk mai sayarwar da bai faɗa maka ba ya rage maka zance. Dole kan ya ɗago sama da jikin abin, ko da kaɗan ne. Sukurun da ya nutse ya yi daidai da fuskar katako ko ƙarfe, irin na hinjin ƙofa, ba ta da inda za ta ciza. Wanda ke can cikin rami mai zurfi, irin na bayan rediyo ko dutsen guga, bakinta ba ya shiga. Wannan ya sa masu gyaran waya a Farm Centre ba za su ga amfaninta sosai ba, domin sukurorin waya ƙanana ne ainun kuma a nutse suke, ko da ƙaramar ƙanwarta PZ-57 mai kama milimita 2 zuwa 5.5. Kamfanin kansa ya san da haka, shi ya sa ya yi wani abin daban mai suna Neji-Bazooka domin nutsattsun. Sannan haƙoran ba su san na gida ba. Idan ka sa su a kan noti mai kyau ko bututu mai ƙyalli, za su bar masa tabo har abada.

Wani abin kuma, cizo daban, kwancewa daban. Idan sukurun ƙarfe ya daɗe a cikin alminiyam yana shan ruwa, ƙarafan biyu suna cin juna su bar wani farin gari da ke liƙe su kamar siminti. A nan filayar za ta riƙe kan da kyau, ta riƙe har ka murɗe shi ya ɓalle ya bar maka gangar jiki a ciki, ka ga an gudu ba a tsira ba. Irin wannan sai an jiƙa shi da man kwance tsatsa an ba shi lokaci. Bakanikanmu man birki suke ɗigawa, yana kuma taimakawa, sai dai yana cin fenti. A ɗan ƙwanƙwasa kan domin garin ya farfashe. Idan an sa masa gam ɗin zare irin na Loctite, zafi ne ke sassauta shi. Kuma idan ramin bai gama mutuwa ba, sukudireban nan da ake buga wa guduma a ƙeya, mai juyawa da kansa idan an buge shi, ya kamata a fara gwadawa kafin a kai ga filaya.

Ba Japanawa kaɗai ke fagen ba yanzu. Knipex na Jamus, wanda ke ƙera filaya a Wuppertal tun 1882, ya fito da TwinGrip a 2021, mai milimita 200 da maɓallin faɗaɗa baki. Ta fi ƙarfi, ta fi dacewa da gareji da manyan notuna, amma a matsattsen wuri ta Osaka ta fi ta shiga. Tsohuwar Vise-Grip mai kullewa, wadda maƙeri William Petersen ya ƙirƙiro a Nebraska a 1924, har yanzu ita ce gwana idan akwai filin da za a kama ta gefe. Idan babu, haƙoranta ma a kwance suke.

Bayan filayar, akwai kuma wani almakashi "mai yin komai" da nake amfani da shi. Shi kuwa da shakka na tunkare shi, kuma har yau ban gama sakin jiki ba. Duk kayan aikin da aka rubuta wa "mai yin komai" ina tuna cewa taura biyu ba ta taunuwa. Na taso a gidan da akwai tela, na kuma sha ranƙwashi saboda na yanka takarda da almakashinsa, don haka na san tun ina yaro cewa kaifin yadi daban, na kwali daban. Wanda kamfanin Engineer ke yi, Tetsuwan mai lamba PH-55, gajere ne kakkaura, na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ruwansa ya kasu: wajen tsini miƙaƙƙe ne domin takarda da leda, wajen gindi yana da ƙananan haƙora kamar na zarto, akwai ɗan lungu na yanke waya, bayan ruwan kuma an yi masa gefen farka kwali.

Hikimar tana cikin abu biyu. Gajartar ruwa da tsawon mariƙi suna ninka ƙarfin hannu, musamman idan ka tura abin can kusa da ƙusar tsakiya. Haƙoran kuma ba domin yanka aka yi su ba, domin riƙo ne. Ka tuna yadda igiyar nailan ko tiyo ke gudu gaba idan ka sa musu almakashin gida, kana rufewa suna tserewa har su fita ta tsini. Haƙoran ke danne su wuri ɗaya har ɗaya ruwan ya wuce. Wannan dabara ce a almakashin da ma'aikatan asibiti ke farka tufafin wanda ya yi haɗari, da wanda masu ja wayar intanet ke yanka zaren Kevlar da shi. Da shi na yanka tiyon fetur, tsohon bel na fata, tayar ciki, ragar sauro ta taga, kwalin gasket, wayar wuta mai silli-silli, da ɗaurin robar nan da ake zuge wa wayoyi. Duk ya yi su da tsabta, kuma ya raba ni da mugun halin yanka abu da reza a kan cinya.

Inda ya gaza ma ba a ɓoye yake ba. Ba ya yanka yadi miƙe, gajarta ba ta bari. Kwanon rufi ya fi ƙarfinsa, wannan aikin almakashin kwano ne. Wayar kuloci ko ta birkin babur, da sifirin, da ƙusa, ƙarfe ne mai tauri da zai yi wa ruwan giɓi a yanka ɗaya, domin ƙarfen da ba ya tsatsa yawanci bai kai ƙarfen filaya tauri ba. Idan ya dakushe kuma kada ka miƙa wa mai wasa wuƙa na kan keke ya bi shi da dutse gaba ɗaya, zai share haƙoran ya dawo maka da almakashin banza. Gefen da ba haƙora kaɗai ake wasawa. Sai magana mafi nauyi: robar da ke mariƙinsa, da ta filayar ma, ta jin daɗin riƙo ce, ba ta tare wuta ba. Kayan da aka gwada domin aiki kusa da wuta suna ɗauke da tambarin 1000V a jiki. Wanda ba shi da wannan, a kashe layi tukuna, ko da kuwa an ɗauke wuta, domin ba ta sallama idan za ta dawo.

Da za a ce in zaɓi ɗaya, filayar zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Aikin almakashin akwai masu yi, wuƙa da kata da tsohon almakashin gida za su raba shi tsakaninsu, ko da ba daɗi. Aikin filayar kuwa idan ba ita ba sai kurfi, kuma na ga abin da kurfi ke yi. Almakashin nakan taɓa shi kullum, filayar sai in yi wata biyu ban ɗauko ta ba, amma duk ranar da na ɗauko ta tana fanshe kuɗinta a zama ɗaya.

Mai niyyar saye a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna ya buɗe ido, domin siffar ba ta da wuyar kwaikwayo, taurin ƙarfen ne ba a gani. Jabun za ta ciji sukuru biyu, a na uku haƙoranta ne za su kwanta. Araha ba ta ado. Ni abin da nake yi, ina tafiya da guntun katako mai ɗauke da matattun sukurori a aljihu, in ce wa mai shago, "Alhaji, a ba ni izini in gwada." Mai kaya na gaskiya ba ya hanawa. A rufe bakin a ɗaga shi sama a ga ko haske na ratsa tsakanin haƙora, a girgiza mariƙan a ji ko ƙusar tsakiya na lilo. Bayan gwaji a sake duba haƙoran, idan sun yi ƙyalli a tsini, ƙarfen ya fara miƙa wuya ke nan. Almakashi kuma a gwada shi da leda mai laushi, ba da kwali ba. Kwali ko dakusasshe ya yanka, leda ce ke tona asirin ruwan da bai haɗu ba.

Bara janaretan ya sake toshewa, na koma wajen mutumina, wannan karon da filayar a aljihu. Yaron nan ya girma har ya fara gemu, amma sitar nan tana nan yadda na san ta. Sukuru na biyu ya cinye. Kafin a kira kurfi na miƙa wa maigidan filayar, ya jujjuya ta, ya leƙa bakin, ya kama kan, ya juya. Ya fito kamar an shafa masa mai. Ya daɗe yana kallon haƙoran, sannan ya ce, "Malam, wannan a ina ake samunta?" Muna cikin maganar kasuwa da farashi, na waiga na ga yaron ya gama wanke kafiretar yana haɗawa. Ya tsinci mataccen sukurun nan daga ƙasa, ya hure masa ƙura, ya mayar da shi raminsa, yana neman abin da zai ɗaure shi da shi.